Guɗa Daga Kujerar Baya

Pantai Dalam, Kuala Lumpur

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa ki kwance kayanki lafiya a sabon ɗaki, Ya tsare ki a hawa da sauka, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari. Na cusa wannan takarda a aljihun akwatin gogenki ne don na san ko me kika manta a tasi, wannan akwatin ba za ki manta shi ba.

Abbanki ya yi mini dariya har da riƙe ciki da ya gan ni ina rubutu. Wai wasiƙa ga wadda za ta koma Bukit Bintang kawai, inda in na hau jirgin ƙasa da hantsi zan isa kafin miya ta huce. Na ce ya yi ta yi. Ni na san dalilina. In na buɗe baki zan yi miki magana, kafin in kai tsakiya kin ce mini "okay Mama" da Turanci kin zura abin jin kiɗa a kunne. Takarda ba a katse ta, kuma da Hausa na rubuta, ko za ki yini kina haɗa baƙi sai kin karanta ta har ƙarshe.

Da farko dai ki bar ni in yi murnata. Tun ranar da kika fito daga ɗaki da waya a hannu, kika ce sun ɗauke ki, ban dawo daidai ba. Shinkafar da ke kan wuta ta kama, muka ci ta haka nan da ƙaurinta. Na gaya wa mai kedai, wato mai shagon nan na ƙasan bene, na gaya wa matan da muke karatu tare ranar Lahadi, har direban bas na gaya wa, bawan Allah bai san ko ke wace ce ba amma ya ce yana taya ni murna. 'Yata a cikin ƙungiyar manyan makaɗa, waɗanda kiɗan shi ne aikinsu na safe da yamma! Abin da ya fi faranta mini rai shi ne labulen nan da kika ce an sa tsakaninki da alƙalai ranar jarrabawa. Ba su ga hijabinki ba, ba su ga launinki ba, ba su san 'yar waye ba. Kunnensu kawai ya ji, suka ce wannan muke so.

To, amma ni da ke mun san ba a gama ba. Ɗaukar gwaji suka yi miki, na zango ɗaya. In zangon ya ƙare, masu gogen da kika zauna a cikinsu su ne za su ce ki zauna ko ki tattara. Saboda wannan hukuncin nasu na zauna rubutu, don akwai wani abu a hannunki da zai iya sa su ce ki tattara, kuma ni na sa shi a wurin.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan atisayenki na ƙarshe da ƙungiyar matasa, kina can kuna ta rungume-rungume da ƙawaye, malaminku Cikgu Wong ya ja ni mamak ɗin tsallaken titi, shagon shayin nan, ya saya mini shayi. Ya yabe ki har na rasa inda zan sa kaina. Sai ya ajiye kofi ya kira ni da sunan girmamawa irin nasu, ya ce, "Puan, abu ɗaya ne ke damuna. Tun tana ƙarama take kaɗawa kamar mai kiran wani da ke can ƙarshen zaure. Na yi, na yi, ban gano wanda take kira ba lah." Ya ce a cikin yara wannan bai zama laifi ba, har yana taimako, don kina jan na bayanki. A cikin manya kuwa shi ne abu na farko da za su ji, kuma ba za su gaya miki ba. Na gyaɗa kai kamar ban gane ba, amma na gane sarai.

Ke ba lallai ki tuna ba. Wasanki na farko ne, kina layin ƙarshe, ƙafafunki ko ƙasa ba sa taɓawa daga kan kujera. Ni kuma na zauna a kujerar baya kusa da ƙofa, don magariba za ta faɗa a tsakiyar wasa, ina so in zame in yi salla ba tare da na tsallake ƙafafun mutane ba. Da aka tashi kika rugo da gudu, goge a hannu, kika tambaye ni ko na ji ki. Na ce, "Ina fa na ji ki a cikin wannan taron? Gaba ki ɗaga sautin sosai." Wallahi ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ni a gidajen bikin Kano na san kiɗa, kuma a can makaɗin da aka ji shi ake yi wa liƙi, wanda ba a ji ba ya zo rakiya. Da wannan ma'aunin na auna ki.

Kika kuwa ɗaga. Daga ranar duk wasan da kuka yi sai kin tambaye ni, ni kuma in ce na ji, kuma ba ƙarya nake yi ba. Na koyi tsamo ki a cikin masu goge duka. Kina riga su shiga da ɗan kaɗan, sautinki yana da kaifi, in an kai ƙarshen layi naki ne yake mutuwa a ƙarshe. Ina zungurar duk wadda ke kusa da ni, Bamaleshiya ce ko 'yar Sin, in ce waccan da ake ji ɗin tawa ce. Shekara da shekaru ina kujerar nan ta bakin ƙofa, ke kina jefo mini sauti ta saman kawunan mutane. To yau na janye maganata. Kada ki ƙara kirana daga kan dandamali, Ummi, na daɗe da ji.

Tunda na fara fallasa kaina, bari in haɗa da guɗa, ko da yake kin hana a ƙara tayar da zancen a gidan nan. Shekarar da aka ba ki kujerar gaba ce. Kuka gama wani sashe mai sanyi, sauti ya yi ta sirancewa har ya ɓace, zaure ya yi tsit. Ni na zaci an gama. Na kama hanci na rangaɗa guɗa irin ta kai amarya. Masu kakaki suka tuntsire da dariya, Abbanki ya nutse cikin kujera har hularsa kawai ake gani, Cikgu Wong kuwa ya juyo ya rusuna mini, sannan ya ɗaga hannu kuka ci gaba. A jirgin ƙasa har muka iso gida fushi kike yi da ni. Da a Kano ne ba zan yi ba, ke ma kin sani. Uwa ba ta yi wa 'yar fari guɗa a gaban jama'a, gwaggonninki ne za su yi, ni in sunkuyar da kai in yi kamar ban san ki ba. Amma a nan na duba dama na duba hagu babu gwaggo ko ɗaya, abin kuma ya cika mini ƙirji.

An yafe mini ranar nan don zauren cike yake da iyaye. Kowa ɗansa ya zo gani, kowa waya a sama, ko kun yi tuntuɓe tafi za a yi. Inda za ki yanzu baƙi ne a kujeru, ba su san sunanki ba, kiɗan suka zo ji. Kuma a ranar na koyi cewa shirun da ke tsakanin sashe da sashe shi ma a cikin kiɗan yake, ba a taka shi.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Cikgu Wong ya samo mini izinin shiga kallon atisayen ƙungiyar taku ta manya, irin wanda ake buɗe wa jama'a. Ranar Talata da na ce miki za ni kasuwa sayen kuɓewa, can na tafi. Ummi, ashe haka abin yake! Da suka ja izgar nan a kan tsirkiya gaba ɗaya, tsigar jikina ta tashi. Ni da nake ganin na ƙware, sai na ce bari in gwada sana'ata. Na zaɓi wata mata mai gajeren gashi a layin baya, na ƙura mata ido, na kasa kunne in tsamo nata. Na rufe ido, na buɗe, na karkata kai. Babu. Hannunta yana tafiya, na san tana kaɗawa, amma abin da ke isowa kunnena goge ɗaya ne ƙato, mai faɗi, mai laushi, ba na kowa ba. A ƙungiyarku ta matasa kullum ina jin mutane da yawa suna kaɗa abu ɗaya. A nan abu ɗaya kawai na ji.

Abin ya tuna mini da lugude. Farkon zuwana gidan su Abbanki a ƙauye, aka sa mu dakan biki, mu uku a turmi ɗaya. Ni 'yar birni ina so a san na iya, na riƙa ɗaga taɓarya sama ina sakin ƙarfi. Ba a jima ba taɓaryata ta gwabza da ta yayarsa, gero ya watse a ƙasa. Kakarki, wadda kika ci sunanta, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi in daina kallon turmi, in saurari ta gefena, in sauka a inda ta bar mini. Da na yi haka dakan ya hau, har aka fara tafi a tsakani. Haka za ki yi. Ki ba wadda ke gefenki kunnenki fiye da yadda kike ba kanki. In ta yi sanyi ki yi sanyi. In a ganinki ta yi kuskure wajen sanyin, ki bi ta duk da haka, don ba a ɗauke ki gyaran kowa ba.

Sai maganar lokaci. Kin tuna da kika fara zuwa gida kina cewa kwandasta ya ce kaza, kwandasta ya ce kaza, na tambaye ki me ya haɗa ki da yaron mota? Har yau in na ga mutumin nan mai ɗan tsinke a hannu sai dariya ta kama ni. To, kwandastanku na matasa uba ne. Cikgu Wong zai tsayar da ku a kan layi ɗaya, ya ba ku labarin kakarsa da kwalekwalenta har ku gane irin lilon da yake so, ku sake, ku sake, watanni kuna kan kiɗa ɗaya duk Asabar. Mu iyaye muna baranda da robobin abinci har mun haddace. Na manya ba haka yake ba. Ya tsayar da su, ya faɗi lambar layi da kalma ɗaya, kowa ya ɗauki fensir ya yi ɗan alama, aka sake, abin ya gyaru, aka wuce. Ban ma gama gane me ya lalace ba. Cikgu ya ce a 'yan kwanaki suke haɗa wasa, mako na zagayowa kuma wani sabo ne.

Don haka wannan halin naki na zuwa atisayen farko ki koyi kiɗa a can, ya ƙare. A wurina kika gaje shi, ban musa ba, ni ce mai karatun jarrabawa a cikin bas. A can ana zuwa ne da abu a hannu. Ki koye shi a ɗaki, ki saurari yadda sauran kayan kiɗan ke shiga, ki san inda ake jiran ki. Na sa miki fensir cikin akwatin, masu yawa, don na san halinki da aron na mutane.

Wani abu kuma ya faru da ya sa na kusa tafi ni kaɗai. Mai babban ƙahon nan mai lanƙwasa ya zo shiga, sautin ya fashe masa, ɓarau, kowa ya ji. Na jira dariya. Ko mutum ɗaya bai waiwaya ba, ko gira ba a ɗaga ba. A wurinku da yara sun kwashe da ƙyalƙyala, ke kuma shugaba ki juya ki watsa masa hararar nan. Na san hararar, tawa ce, da ita nake tsayar da ke daga nesa a gidan mutane. Ki bar ta a Pantai Dalam, zan ajiye miki. Mutumin da ya yi kuskure ya riga kowa sani, kuma ranar da naki ya zo za ki gode wa Allah da ba a waiwayo ba.

Can kuma wata mai sarewa ta busa wani wuri ita kaɗai, mai daɗi har na dafe ƙirji. Sai na ji wani ɗan shuu a ƙasa. Ashe ƙafafunsu suke gogawa a daɓe, hannu yana kan aiki, fuska ba ta canja ba. Da na tambayi Cikgu ya ce haka suke yaba wa juna. Na ce to, ashe su ma suna da guɗarsu, da ƙafa suke yi. Ki riƙa yi wa mutane wannan, ba ya cin komai.

Na san abin da ke cin ranki ko ba ki faɗa ba. Jiya ke ce ta gaba, ke kike tashi a gaisa da kwandasta, izgarki kowa yake bi. Litinin za ki zauna a layin ƙarshe, kina juya wa wata shafin takardar kiɗa. Na taɓa zama a irin wannan kujerar. Da na zo ƙasar nan karatun digiri na uku, na baro kwalejin da nake koyarwa ana tashi tsaye in na shiga ofis. Makon farko a ɗakin bincike na fara nuna wa mutane yadda muke yi a wurinmu. Suka yi murmushi, suka ce boleh, boleh, wato to, babu laifi, sannan aka daina kirana cin abincin rana. Sai da na rufe bakina na yi wata da watanni ina kallo kafin na gane cewa kusan duk abin da na so gyarawa akwai dalilinsa. Kada ki ce musu a ƙungiyarmu ta da haka muke yi. Ki juya shafin nan da kyau, a kan lokaci, ba tare da ƙara ba. Wadda kike juya wa tana cikin masu yanke hukunci, kuma ita ce ta fi kowa jin ki.

Amma kada ki ɗauka na ce manya sun fi ku a komai. Na ga wasu fuskoki ranar Talata kamar na masu layin sabunta biza. Lokacin tashi na cika wani ya rufe akwatinsa kafin sautin ƙarshe ya gama sauka. Ku kuwa, ranar wasanku na bara da ruwa ya tare hanya, rabinku kuka iso a jiƙe, kuka kaɗa kamar ba za a sake ba ku dama ba, wata yarinya tana kaɗawa tana hawaye. An yi kurakurai, na ji su, amma ban taɓa jin daɗin kiɗa kamar ranar ba. Wannan zafin ki tafi da shi. Abin da nake so ki rage ƙara ce kawai. A can layin masu babban goge na ga wani tsoho mai furfura, shi ma ban iya tsamo sautinsa ba, amma duk lokacin da suka shiga sai ya yi murmushi kamar an ba shi albishir. Irinsa nake so ki zama. In kin sami Asabar da babu aiki, ki leƙa wurin Cikgu Wong ki zauna da ƙananan nan na layin baya, ki gaya musu abin da ni ban san in gaya miki ba.

Sauran ƙanana ne. Ki duba lokutan salla kafin ki duba na atisaye, ki nemi inda za ki yi ta a ginin tun ranar farko, kada ki tsaya jin nauyi. Kada ki rayu a kan tapau, abincin sayarwar nan na ƙunshi, na sa miki yaji da kuka da daddawa a shuɗiyar jakar, daddawar na naɗe ta sosai don kada abokiyar ɗakinki ta yi ƙararki. Ki kira Abbanki. Yana nuna kamar ba komai, amma jiya na same shi a ƙofar ɗakinki yana tambayar wai yanzu wa zai riƙa damun sa da kiɗa in yana duba takardun ɗalibai.

Na sayi tikitin wasanki na farko. Kujerar baya ce, kusa da ƙofa, kin san ba na canjawa. Na yi miki alkawari ba za ki ji guɗa ba sai kwandasta ya sauke hannunsa, ya juyo, kowa ya fara tafi. Bayan nan kuma ban yi alkawarin komai ba, gwaggonninki har yanzu suna Kano. Kafin lokacin zan zauna in yi abin da na saba. Zan nemo ki da ido a layin ƙarshe, in kasa kunne, in yi iya ƙoƙarina in tsamo ki kamar yadda nake yi tun ƙafarki ba ta taɓa ƙasa. Ba zan ɓoye miki ba, zai yi mini ciwo kaɗan, don wannan sautin shi ne nawa a duk zauren. Amma in an tashi ki zo da gogenki ki yi mini tambayar nan taki. Amsar da nake roƙon Allah Ya ba ni ita ce ta ranar farko: ina fa na ji ki a cikin wannan taron?

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki fita lafiya ki dawo lafiya, Ya sanya ƙaunarki a zukatan waɗanda za ki zauna a cikinsu. Ya ba ki kujerar nan ta cikin ƙungiyar in alheri ce gare ki. Ya saje sautinki da nasu har uwar da ta haife ki ta neme shi ta rasa.

Mamanki